Daga Ƙofar Fada zuwa Wusasa: ina gwamnati za ta tsaya a sha'anin addini?

Ɗan ƙanwata yana karatun lauya a Kongo, harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke nan Zariya. Wata Asabar bayan la'asar ya same ni a zaure, bai ma gama gaisuwa ba ya ce, "Kawu, jiya saura ƙiris a ba hammata iska a ajinmu. Wasu sun dage Najeriya ƙasar sekula ce, wasu sun ce duk Musulmin da ya faɗi haka sai ya sake kalmar shahada. Wa ke da gaskiya?" Na ce ya buɗe kundin tsarin mulkin 1999 da ke cikin wayarsa ya nemo mini kalmar. Ya yi sama, ya yi ƙasa, bai gan ta ba. Ba zai gan ta ba kuwa, don babu ita a ciki.

Abin da ke ciki jimla ɗaya ce tak, wato sashe na 10: Gwamnatin Tarayya ko ta wata jiha ba za ta ɗauki wani addini ya zama addinin gwamnati ba. Amma kundin da ya faɗi haka shi ne ya buɗe da cewa mun amince mu zauna ƙasa ɗaya a ƙarƙashin Allah. Shi ne ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga Abuja da duk jihar da ke buƙata, ya ba ta hurumin aure da saki da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara, ya kuma yi wa kotunan al'ada irin wannan tanadi. Har ya wajabta a samu aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci da uku masana dokokin al'ada a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya. Rantsuwar kama aiki ma da roƙon taimakon Allah ake rufe ta. Na ce wa yaron, abokan nan naka kowane ɓangare ya riƙe shafi ɗaya ne ya rufe ido ga sauran.

Rabin rigimar daga fassara ta taso. Kalmar ba ta da gida a Hausa. Gidajen rediyo kan ce "ƙasar da ba ruwanta da addini", in ta isa wasu majalisun wa'azi kuwa sai ta koma "ba ruwanta da Allah". Mutumin da ya tashi a Kwarbai ko Limancin Kona, wanda tun bai iya ɗaura wando ba aka miƙa masa allo, in ka ce masa za a yi mulkin da ba ruwansa da Allah, ai ka gama magana da shi, kuma ba na ganin laifinsa. Kirista mai tsoron Allah a Sabon Gari ma ba zai yi na'am da hakan ba. Sai dai akwai wata ma'anar, wadda ita ce sashe na 10 ya fi kusa da ita: a wajen gwamnati kada a samu ɗan mowa da ɗan bora saboda addini. Wannan ma'anar nake karewa, kuma ina kare ta ne a matsayina na Musulmi ɗan birnin Zazzau.

Waɗanda suka ƙirƙiro kalmar su kansu ba su haɗu a kan abu ɗaya ba. A Turai tunanin ya samo asali ne daga yaƙin Kirista da Kirista, Katolika da 'yan Furotesta, musamman yaƙin da aka shafe shekara talatin ana yi daga 1618 zuwa 1648, wanda ya cinye garuruwan Jamus. Faransa ta yi tata dokar a 1905 bayan doguwar kokawa da cocin Katolika, shi ya sa nata tsarin yake kallon addini da ido na zargi, har a 2004 ta hana ɗalibai sa hijabi da sauran manyan alamomin addini a makarantun gwamnati. Amurka ta bi wata hanyar. A gyaran tsarin mulkinta na 1791 ta hana majalisa kafa addinin ƙasa, ta kuma hana ta tauye wa kowa ibadarsa, kuma cikin masu neman haka har da ƙananan coci-coci da suka gaji da danniyar manya. Har gobe takardar dala tana ɗauke da ambaton dogara ga Allah. Ingila kuwa tana da cocin gwamnati, sarki ne shugabansa, bishop 26 ke da kujera a majalisar dattawa, amma Musulmi ya zama magajin garin Landan a 2016, mabiyin addinin Hindu ya zama firaminista a 2022. Indiya ta shigar da kalmar cikin kundinta a 1976, amma ta bar wa Musulmi dokokinsu na aure da gado. Turkiyya ta rushe halifanci a 1924, sai ta haɗiye addinin gaba ɗaya: ita ke naɗa limamai, ita ke biyansu, kuma ta shafe shekaru tana hana mai lulluɓi shiga jami'a.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne na Senegal, don ya fi kusa da mu. Ƙasa ce da kusan kowa Musulmi ne, kundinta ya kira ta sekula ƙarara, amma shugabanta na farko, Senghor, Katolika ne, ya yi mulki daga 1960 zuwa 1980 da goyon bayan manyan shehunan Muridiyya da Tijjaniyya. Addini bai ragu a Tuba ko Kaulaha saboda haka ba. Abin da mutanenmu ke tsoro idan sun ji kalmar nan, irin na Faransa ne da na tsohuwar Turkiyya, kuma babu wanda ya rubuta wannan a kundinmu.

Amma ruwa ba ya tsami banza. Akwai tarihin da ya sa maganar ke da zafi a nan.

Kafin zuwan Turawa, a Zazzau mulki da shari'a da limanci abu ɗaya ne tun lokacin da Malam Musa ya zo da tutar Shehu, Sarki Makau ya fice kudu, ƙaninsa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani ya gina dab da fada shaida ne a tsaye. Da Lugga ya ci Sakkwato a 1903 ya yi alkawarin ba zai taɓa addinin mutane ba. Ya bar alƙalai, amma ya zare musu haddi, ya ɗora Razdan a kansu. Sannan Turawa suka yanka garin gunduwa-gunduwa: birni na 'yan ƙasa, Tudun Wada ta baƙin Arewa, Sabon Gari na mutanen Kudu da jirgin ƙasa ya kawo, Bariki tasu. Likita Mila, ɗan mishan da ya zauna a cikin birni tun 1905, a 1929 aka fitar da aikinsa zuwa Wusasa. Wato tun farko an tsara mu mu yi ciniki tare da rana, mu kwana a rarrabe da dare, kowa da kotunsa da makarantarsa. Yawancin abin da muke jin tsoro game da juna a wannan rarrabuwar ya yi saiwa.

Dab da samun 'yanci, Sardauna ya fuskanci tambayar da har yau muke fama da ita: yaya za a yi wa Arewa mai Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya dokar laifuka ɗaya? A 1958 ya gayyato kwamitin masana ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Abu Rannat, aka fito da dokar Final Kod da ta fara aiki a 1960, aka bar wa shari'a sha'anin iyali da ma'amala. A nan Kongo, inda ɗan ƙanwata ke karatu yanzu, aka riƙa kawo alƙalai ana koya musu sabuwar dokar. Wasu malamai sun ɗauki wannan sulhu na dole, wasu sun ɗauke shi asara, kuma wannan mikin bai warke ba. Ya fashe a majalisar tsara kundin mulki a 1978, lokacin da wakilai Musulmi suka fice saboda an ƙi kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin tarayya. Sashe na 10 a kundin 1979 aka fara rubuta shi yadda yake, kuma da gangan aka kauce wa kalmar da ake rigima a kanta. Ya sake fashewa a 1986, da labari ya fito cewa gwamnatin Babangida ta shigar da Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ba tare da an yi shawara a fili ba.

Shekara ɗaya bayan nan, a Maris na 1987, wutar da ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta iso mana. A can an kashe Musulmi an ƙona masallatai, a nan Zariya aka bi coci-coci ana cinna musu wuta, har da na cikin jami'a a Samaru. Waɗanda suka ga hayaƙin ran nan ba su manta ba. Mai cocin da aka ƙona a Sabon Gari bai san abin da aka faɗa a Kafanchan ba, kamar yadda ɗan kolin da aka kashe a Aba a 2000 bai taɓa shiga majalisar dokokin Kaduna ba.

Maganar 2000 tana buƙatar a tsaya a kanta, don a nan ne aka fi gwada sashe na 10. A Oktoban 1999 Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, jihohi goma sha ɗaya suka bi ta hanyoyi daban-daban. A Kaduna zanga-zangar goyon baya da ta adawa ta rikiɗe a Fabrairun 2000, aka kashe fiye da mutum dubu, garin ya rabe biyu a bakin kogi har yau. Abin da Gwamna Makarfi ya yi bayan nan ya cancanci nazari: a ƙarshen 2001 aka kafa kotunan shari'a domin Musulmi, kotunan al'ada domin waɗanda suke so, aka bar kotunan majistare ga kowa, aka kuma ƙara wa al'ummomin kudancin jihar masarautu na kansu. Bai gamsar da kowa ba, kuma bai hana rikicin 2002 ba, amma ya nuna ana iya ba mutum shari'arsa ba tare da an ɗora ta a kan maƙwabcinsa ba.

Akwai abin da masu murna da masu kuka duk ba su cika lura da shi ba. Shari'ar da aka kafa a jihohin nan a kan ƙafar tsarin mulki take tsaye. Sashe na 36 ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da ke rubuce a doka, don haka dole majalisun jihohi suka zauna suka rubuta ta sashe-sashe, kuma Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta jami'armu ta yi aikin daidaita rubutun. Ba a sa hukuncin ridda a ciki ba, saboda sashe na 38 ya ba kowa 'yancin sauya addini. Ɗaukaka ƙara kuma tana iya tafiya har Kotun Ƙoli. A Agustan 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Kano ta ce dokar laifuka ta shari'a ta jihar ba ta saɓa wa kundin ba, alƙalai biyu suka rinjayi ɗaya. Wannan rabuwar kai ta alƙalai ta isa ta nuna cewa tambayar mai nauyi ce. Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya daban ne: hannun farko da aka yanke a Zamfara a 2000 na ɓarawon saniya ne, kuma shekara ashirin da ɗoriya ban ji an taɓa wanda ya wawure baitulmali da irin wannan doka ba. Talakan da ya cika filin Gusau adalci ya je nema.

Kowane ɓangare yana da koken da ya kamata ɗayan ya saurara da kunnen basira. Musulmi yana cewa: wannan tsaka-tsakin da ake faɗa, a ina yake? Ranar hutu Lahadi ce, kalandar aiki ta Miladiyya ce, dokar da lauya ke karantawa daga Ingila aka gado ta, rigar alƙali da hular gashinsa ma haka. An ɗauki al'adar Kiristan Turai an ce ita ce ta kowa, ni kuma in na nemi tawa sai a ce na kawo addini cikin gwamnati. Wannan magana gaskiya ce, kuma ita ta sa aka hana wata ɗaliba rantsuwar zama lauya a 2017 saboda hijabinta, sai a shekarar da ta biyo baya aka gyara. Kirista kuma yana cewa: da harajina ake biyan hukumomin da ba nawa ba, a wasu garuruwan Arewa samun takardar filin coci ya fi haƙar rijiya a kan dutse wuya, ɗana yana makarantar gwamnati babu mai koya masa addininsa, kuma ranar da gari ya rikice ni ne farkon wanda ake nema. Wannan ma gaskiya ce. Laifi tudu ne. Musulmin Fatakwal ko Anaca in ya ji koken Kiristan Zariya zai gane shi sarai, don nasa ne aka juya.

A nan ne nake ganin Zariya tana da abin koyarwa, saboda Wusasa. Mutanen Wusasa da yawansu Hausawa ne da Fulani, wasu zuriyar Isawa ne, wato wata tsohuwar ƙungiya mai ɗaukaka Annabi Isa, Kiristoci tun kakanni. Daga nan Dakta Dikko ya fito, likitan farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A nan Yakubu Gowon ya tashi. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, Bahaushe ne Kirista. Waɗannan mutane ba za ka ce musu su koma garinsu ba. Nan ne garinsu. In gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma ta zama ta addini ɗaya, su mene ne matsayinsu a ƙasar kakanninsu? Baƙi? Duk wanda ke neman daular addini a Zazzau sai ya amsa wannan yana kallon idon mutumin Wusasa.

Kuma ko da an ce babu Kirista ko ɗaya a ƙasar nan, tambayar ba ta ƙare ba, domin sai a ce Musuluncin wa? Na ɗan ɗariƙa mai zikirin Juma'a, ko na ɗan Izala da aka kafa ƙungiyarsa a Jos a 1978, ko na almajiran Gyallesu, wato 'yan Shi'a? Mu da muka ga yadda aka yi ta rigima a kan limancin masallaci ɗaya, da sabani da ƙabalu, da ranar ganin wata, mun san abin da zai faru ranar da ɗaya daga cikinmu ya samu 'yan sanda da gidan yari a hannunsa. Tarihinmu ya riga ya nuna. Halifa Ma'amun ya ɗauki ra'ayi ɗaya na aƙida ya mai da shi na hukuma, a ƙarƙashin wannan tsari aka ɗaure Imam Ahmad ɗan Hambali aka yi masa bulala. Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi, da halifa ya nemi ya tilasta wa dukan daula bin littafinsa, ƙi ya yi, ya ce sahabbai sun watsu a garuruwa, kowane gari da ilmin da ya isa gare shi.

Ga kuma abin da ya faru a Magami. Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ranar Sallah ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu Usmanu ya ƙi karɓa, ya nemi abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sassauta wa talakawa haraji. Duba da kyau. Lokacin da jama'ar Shehu suke marasa rinjaye a ƙarƙashin wani sarki, abin da ya nema shi ne hukuma ta ɗauke hannunta daga wa'azi da tufafin ibada, ta kuma yi adalci. Da Nafata ya zo ya hana rawani da lulluɓi da wa'azi, daga nan aka kama hanyar hijira da yaƙi. Na san Shehu daga baya daula ya kafa, ba na jingina masa abin da bai faɗa ba. Amma abin da ya roƙa a Magami shi ne kusan abin da sashe na 38 ya rubuta, kuma da wannan sashen ne Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi a Legas 'yancin sa hijabi a Yunin 2022. Garkuwar da ta kare 'yarmu a Legas ita ce ta Kiristan Tudun Wada. In muka fasa ta a nan, a can ma ta fashe.

Abin da ya faru a garin nan a Disambar 2015 tsakanin sojoji da 'yan Shi'a ba ya faɗuwa cikin sauƙi. Mutanen Zariya da yawa sun daɗe suna kuka da tare hanya da muzahara, kuma kukansu na gaskiya ne. Amma kwamitin binciken da gwamnatin jihar ta kafa da kanta ya ce an kashe farar hula 348 da soja ɗaya, an binne 347 a rami ɗaya. Da yawa daga cikinmu mun yi shiru, wasu ma sun yi murna, saboda ba mu yarda da aƙidar waɗanda aka kashe ba. Ni ma ban yarda da ita ba. Sai dai gwamnatin da ba ta da ɗan bora, wanda ya tare hanya kotu take kai shi, kuma wanda ya yi kisa fiye da ƙima shi ma kotu take kai shi, ba tare da ta tambayi mazhabar mamacin ba. Haka ɗalibar da aka kashe aka ƙona a Sakkwato a Mayun 2022, haka matafiya Musulmi da aka tare a Jos a Agustan 2021. Babu littafin fiƙihun da ya ba taron jama'a ikon zartar da hukunci, kuma hukumar da ke auna yawan mabiyan mai laifi kafin ta kama shi ta riga ta zaɓi ɓangare.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ba a son a taɓa. Muna da hukumar alhazai ta ƙasa tun 2006, da ta Kiristoci masu ziyara tun 2007. Shirya wa alhazai tafiya aiki ne na gwamnati, don Saudiyya da gwamnatoci take yarjejeniyar kujeru, kuma dubban 'yan ƙasa a waje suna buƙatar likita da masauki. Amma tsakanin shirya tafiya da biya wa mutum kujera akwai tazara. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ce ta zuba naira biliyan 90 a tallafin aikin Hajji, a shekarar da magidanta ke auna masara da gwangwani. Hajji a kan mai iko aka wajabta shi. Kuɗin da aka biya wa mai hali kujera da shi, haƙƙin mai naƙudar da ta tarar da asibiti babu wuta yana ciki, Musulma ce ko Kirista. Kuma kowa ya san su wa ke samun kujerun kyauta, na Makka da na Kudus. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta daina wannan rabo a 2015, an yi surutu, amma Hajji bai tsaya ba.

Ɓarnar da ta fi wannan a kan malamai da fastoci take sauka. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malamin da gwamna ya ba mota da kujerar Makka, ranar da aka riƙe albashin malaman firamare wata uku, da wane baki zai yi magana a mumbari? Mun ga yadda zaɓen 2019 a Kaduna da na 2023 a ƙasa suka mai da masallatai da coci-coci rumfunan kamfe, ana ta muhawara a kan addinin ɗan takara da mataimakinsa, ba a tambayi ko ɗayansu yadda zai yi da masu satar mutane a Giwa da Birnin Gwari ba. Ɗan siyasa ya ci riba, mumbari ya yi asarar kwarjini. Haka nan dokar lasisin wa'azi da aka gada daga mulkin soja na 1984, aka nemi sabuntawa a 2016. Damuwar da ta haifar da ita gaskiya ce, duk mun ji wa'azin da ke iya tada gari. Amma tunzura jama'a laifi ne da dokar ƙasa ta riga ta tanadi hukuncinsa, a kama wanda ya aikata. A ce sai hukuma ta ba ka takarda kafin ka buɗe baki, wannan wuƙa ce da gwamnan yau zai yanki abokin hamayyarka da ita, na gobe ya yanke ka.

Ba ina cewa mai mulki ya ajiye imaninsa a ƙofar ofis ba ne. Ina ma a ce tsoron Allah ya bi shi har cikin fayil ɗin kwangila. Ɗan majalisa yana da damar ya kawo doka saboda abin da addininsa ya koya masa, kamar yadda aka buɗe bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa a 2012 ba tare da an tilasta wa kowa ajiya a ciki ba. Ma'aunin a wajena a teburin ma'aikaci yake. Mutum biyu sun zo neman izinin gina wurin ibada, sharaɗi ɗaya aka gindaya musu? Yara biyu a makarantar gwamnati ɗaya, kowanne ya samu mai koya masa addininsa, kuma ba a tilasta wa ɗaya addu'ar ɗayan ba, kamar yadda sashe na 38 ya hana? An zo neman takardar shaidar ɗan ƙaramar hukuma, sunan Bulus ya sa an ƙara masa tambayar da ba a yi wa Bello ba? A Zangon Kataf ko Kaura kuma, Bello ya sha irin wannan tambayar? Ranar Sallah da ranar Kirsimeti, motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar duka biyun? A irin waɗannan wurare sashe na 10 yake rayuwa ko yake mutuwa, kuma akasarinsu ba sa buƙatar gyaran kundi, sakataren ƙaramar hukuma da hedimasta da DPO ne ke yanke su kullum.

Da na kai nan ɗan ƙanwata ya ce, "To Kawu, in an tambaye ni a jarrabawa me zan rubuta?" Na ce ya rubuta abin da kundin ya ce da abin da kotuna suka yanke, amma kafin nan ina so ya je wani wuri. Ya girma a birni, ya shekara ashirin da ɗaya, bai taɓa taka Wusasa ba, alhali kuɗin Keke Napep ne tsakani. Na ce ya je ya ga tsohon cocin nan na ginin ƙasa, ya dubi aikin maginan, sannan ya dawo ya sake duban tsohon ginin Masallacin Juma'a.

Ya je ranar wata Talata. Ya ce ya tarar da wani dattijo zaune a inuwa kusa da cocin, ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijon ya amsa da Zazzaganci tsantsa, ya ce, "Samari, ɗan gidan wa ne a birni?" Da yaron ya faɗi unguwarmu da sunan kakansa, sai tsohon ya gyara zama, ya ce ai kakarsa ta wajen uwa daga bayan gidan nan aka auro ta, ya shiga lissafo masa mutanen zauren ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ni kaina sai da na tambayi Inna kafin na tuna su.